Noti Ya Kwance Sau Biyu, Na Uku Ya Karye: Dashen Haƙori a Bakin Mai Cizon Haƙora

Alhajin da zan ba da labarinsa shekarunsa 52. Ya yi kusan shekara 20 yana jan babbar mota tsakanin Kano da Legas kafin Allah ya hore masa ya sayi nasa motocin, ya sauka daga kan sitiyari ya koma lura da direbobi. Ya amince in rubuta abin da ya faru da bakinsa, da sharaɗin kada in ambaci sunansa. Na ga ya kamata in rubuta ne saboda kuskuren da aka yi a kansa ana yawan yin sa, kuma ni ma da hannuna a ciki.

Ranar da ya fara shigowa ofishina, ko zama bai gama yi ba ya sa yatsa a baki ya ce, "Likita, haƙorin nan da na zuba wa kuɗi yana rawa."

Matauni biyu ya rasa a ƙasa ta ɓangaren dama, na farko da na biyu. Na biyun ya daɗe da fita. Na farkon kuwa an taɓa kashe masa jijiya aka cike shi, bayan 'yan shekaru ya tsage gida biyu tun daga sama har saiwa, dole aka cire. Da wata tafiya ta kai shi ƙasar waje, sai ya yi amfani da damar aka yi masa dashe a wani asibitin haƙori. Turke ɗaya na ƙarfen taitaniyom aka kafa masa, mai kaurin milimita 4, a gurbin mataunin farko, aka ɗora masa hular tangaran mai faɗi wadda ta zarce baya don ta rufe wani ɓangare na gurbin na biyu. Cikin mako uku aka gama komai, domin bizarsa ba ta da tsawo. Ya dawo gida yana murna. Bayan wata bakwai ga shi a gabana.

Na duba, na ga turken yana nan daram a cikin ƙashi. Ɗan notin da ke ɗaure hula a kan turke ne ya kwance. Na buɗe ramin notin, na wanke, na ɗaure, na toshe, na sallame shi. Aikin bai kai minti 20 ba. Bayan wata huɗu ya dawo da irin wannan ƙorafi, na sake ɗaurewa. A nan ne laifina yake. Ruwa ba ya tsami banza, kuma notin da ya kwance sau biyu cikin shekara guda yana faɗa maka akwai abin da ke girgiza shi. Tun zuwan farko na ga haƙoransa na gaba sun cinye, bakinsu ya baje kamar an goga a dutsen niƙa, amma na ɗora wa asuwaki da tauna ƙashi da goro, kamar yadda shi ma ya ɗora musu. Na tambaye shi ko yana cizon haƙora cikin barci, ya ce a'a, na rubuta a'a. Mai barci ba ya jin kansa, kuma na san haka tun ina makaranta.

Zuwa na uku, hular ya kawo mini a naɗe cikin hankici. Notin ya karye, rabinsa ya maƙale a cikin turken.

A wannan karon tare suka zo da uwargidansa, domin daga nan za su wuce dubiya. Ina cikin kallon hoton ƙashin na sake yin tambayar nan, sai Hajiya ta riga shi amsawa. Ta ce, "Likita, ai ni ce zan gaya maka. Tun muna sabon aure yake yi. Wani daren sai ka rantse ana niƙa tsakuwa a ɗakin. In an kama masa mota a hanya ko direba ya yi ɓarna, wannan makon ba ni da barci." Alhaji ya juya ya kalle ta ya ce, "Hajiya, shekara nawa ba ki taɓa faɗa mini ba?" Ta ce ta faɗa tun da daɗewa, ya ce tsutsar ciki ce, ya sha magani, ita kuma ta saba.

Maganar tsutsar ciki tana da tushe a bakin mutanenmu, musamman idan yaro ne ke yi, amma a babban mutum ba can ake neman dalili ba. Abin da masu nazarin barci suka gano shi ne, cizon haƙora na dare daga ƙwaƙwalwa yake tasowa. Yakan zo ne a lokacin da barci ya yi sama-sama, mutum ya ɗan farka na 'yan daƙiƙu ba tare da ya sani ba, bugun zuciya ya ƙaru, sannan naman muƙamuƙi ya kama aiki. Kusan mutum 8 cikin 100 na manya suna yi. Akwai kuma na rana, wanda yawanci ba ya ƙara, cije haƙora ne kawai da ƙarfi lokacin da hankali ya tafi kan aiki ko damuwa, kuma ya fi na dare yawa a cikin jama'a. Taba, giya, sinadarin kafeyin, wasu magungunan ciwon damuwa da ɗaukewar numfashi cikin barci duk suna ƙara shi.

Da na sake duba bakin Alhaji da idon mai neman wannan, alamun ba su ɓuya ba. Naman muƙamuƙinsa na gefe biyu ya yi kauri, in ya cije sai ya taso kamar dunƙulen hannu. Akwai farin layi a cikin kumatunsa daidai inda haƙora ke haɗuwa, gefen harshensa ya ɗauki shatin haƙora. Fiƙoƙinsa huɗu sun rasa tsininsu. Wuraren da suka cinye a sama da ƙasa suna dacewa da juna daidai idan ya zame muƙamuƙi gefe, abin da asuwaki ba zai iya yi ba. Ya kuma yarda cewa yakan tashi da asuba da nauyin kai a gefen goshi, wanda ya daɗe yana ɗora wa hawan jini. Mataunin nan da ya tsage tun farko ma, ashe shi ne gargaɗin farko.

Tambayar da ya yi mini ita ce wadda kowa ke yi: "To ba ƙarfe ba ne? Ta yaya ƙarfe zai kasa abin da haƙori ya jure shekara 30?"

Na daɗe a kan wannan tambaya, domin duk maganar a nan take. Haƙorin da Allah ya halitta ba a manne yake da ƙashi ba. Tsakanin saiwarsa da ƙashin akwai wasu siraran zaruruwa da suka riƙe shi kamar a rataye, in aka danna shi yakan ɗan nutse da maikiromita 25 zuwa 100, wato kusan kaurin silin gashi, sannan ya dawo. A cikin zaruruwan nan akwai jijiyoyin ji, su ne ke sa in ka ci karo da tsakuwa a cikin shinkafa bakinka ya saki tun kafin ka yi tunani. Turken dashe ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ƙashi ne ke tsirowa ya manne da shi kai tsaye, motsinsa bai wuce maikiromita 3 zuwa 5 ba, kuma sai an danna shi da ƙarfi ninki da yawa kafin mai shi ya ji. Wannan mannewar ita ce abin da Per-Ingvar Brånemark, wani likita ɗan ƙasar Suwidin, ya ci karo da shi a 1952, lokacin da ya kasa cire wani ɗan bututun taitaniyom da ya sa a ƙashin ƙafar zomo don nazarin gudun jini. A 1965 ya yi wa mutum na farko irin wannan dashe, Gösta Larsson, a birnin Gotenbag, kuma turakun suna bakinsa har ya rasu a 2006. Wato mannewar abar dogaro ce. Sai dai ita ce kuma ke sa duk ƙarfin da ya sauka a kan hula ya wuce kai tsaye zuwa noti, zuwa wuyan turke, zuwa bakin ƙashi, babu mai rage masa zafi a hanya.

Ban gama bayani ba Alhaji ya ce, "Na gane. Mota ce ba shokozoba, ga lodi, ga hanyar Lokoja." Tun daga ranar, da wannan misalin nake yi wa mutane bayani.

Lodin kuwa ba ƙarami ba ne. Namiji lafiyayye in ya cije mataunansa iya ƙarfinsa yana iya sauke nauyin kilo 50 zuwa 70. A yini guda, lokacin da haƙoran sama da na ƙasa ke haɗuwa wajen tauna da haɗiya bai cika minti 20 ba, kuma akwai abinci a tsakani. Mai cizon haƙora yana ƙara wa wannan lokaci, babu abinci a tsakani, sannan ƙarfin gefe-gefe yake tafiya, wanda shi ne turke ya fi tsana. A bakin Alhaji an ƙara da hula mai zarce baya ba tare da komai a ƙarƙashinta ba. Duk cizon da ya sauka a wannan ɓangare, kamar an sa ƙarfen ɓanɓare taya ne ana ɗaga notin.

Kan ko cizon haƙora yana kashe dashe gaba ɗaya, alƙaluman da na fi dogara da su na wani bincike ne daga birnin Malmo na Suwidin, wanda Bruno Chrcanovic da abokan aikinsa suka fitar a 2016. Sun bi bayanan turaku 3,549 a bakin mutum 994. A cikin masu cizon haƙora, turaku 24 daga 185 sun lalace, kashi 13 cikin 100 ke nan. A cikin sauran, 155 daga 3,364, wato kashi 4.6. Kusan ninki uku. Kafin nan, a 2014, Daniele Manfredini na ƙasar Italiya da abokansa sun tattara binciken da aka yi a baya, suka ce shaidar da ta fi ƙarfi tana kan lalacewar kayan aiki, kamar kwancewar noti, karyewarsa da ɓallewar tangaran, fiye da zaizayar ƙashi. Ni dai yadda nake karanta waɗannan alƙaluma, kashi 87 cikin 100 na turakun masu cizon sun tsaya, don haka ba na hana mai cizon haƙora dashe. Amma ba na yi masa irin dashen da zan yi wa wanda ba ya cizo.

Aikin farko shi ne ciro guntun notin. Wannan yana cin rai, domin in ka ƙwarzane zaren da ke cikin turke, wanda noti ke bi ya ɗaure, turken ya tashi aiki ko da ƙashi na riƙe da shi. Da ɗan tsinken ƙarfe da na'urar girgiza da muke wanke haƙora da ita na dinga juya shi hagu a hankali, ya ɗauke ni kusan awa ɗaya kafin ya fito. Zaren bai taɓu ba. Hoto ya nuna ƙashi ya ja baya da kimanin milimita ɗaya da rabi a gefen bayan turken, dasashin wurin ya ɗan kumbura, amma babu mugunya. Watannin da hula ta yi tana rawa sun buɗe ƙofa, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Na wanke, na rufe turken da ɗan murfi, na ce masa babu hula sai mun gyara tsarin.

Bai ji daɗi ba. So yake in sa sabon noti in mayar da hular ya tafi, kuma da ya matsa wa wani wataƙila da an yi masa. Na gaya masa gaskiya, in na mayar, abu na gaba da zai karye yana iya zama turken kansa, shi kuwa cire karyayyen turke sai an yanke ƙashin da ke kewaye da shi.

Tsarin da muka tsayar shi ne a ƙara turke na biyu a gurbin mataunin baya, don a raba lodi kuma a kawar da wannan zarcewar. Hoton ƙashi mai nuna kauri da zurfi ya nuna wurin ya ɗan tsuke, abin da ba mamaki, domin ƙashin muƙamuƙi kan rasa har rabin faɗinsa a shekarar farko bayan cire haƙori. Duk da haka ya isa ya ɗauki turke mai kaurin milimita 5 da tsawon milimita 10, tare da barin milimita 2 tsakaninsa da babbar jijiyar da ke bi ta cikin muƙamuƙin ƙasa zuwa leɓe. Ba ya shan taba, sukarinsa daidai, hawan jininsa yana kan magani. Aka kafa turke, aka ɗinke dasashi a kansa, muka jira wata huɗu cur. Ana iya ɗora wa wasu mutane haƙori a ranar da aka kafa turke, kuma yana yi musu kyau. Ga mai cizon haƙora ba na yarda da wannan, domin ƙashi ba ya manne wa abin da ke motsi, shi kuma ba zai iya yi mini alƙawarin abin da bakinsa zai yi da ƙarfe biyun dare ba.

Watanni huɗun nan ba a zaune muka yi su ba. Na sa aka yi masa garkuwar dare ta roba mai tauri, wadda aka auna da bakinsa, tana rufe haƙoran sama duka. Kafin in yi na tambayi Hajiya ko yana minshari har numfashinsa ya ɗauke, domin irin wannan garkuwa tana iya tsananta matsalar ga wasu masu ita. Ta ce yana minshari in ya kwanta rigingine, amma ba ta taɓa jin numfashin ya tsaya ba, na kuma rubuta wa likitan da ke duba hawan jininsa ya sa ido. Alhaji ya tambaye ni ko ta roba mai laushi da ake sayarwa a kantin magani ba za ta yi ba. Na ce a'a. Mai laushin wasu takan sa su ƙara taunawa, kamar an ba su cingam. Na kuma gaya masa tun farko cewa garkuwa ba ta hana cizo. Abin da take yi shi ne ta baza ƙarfin a kan haƙora duka, ta cinye a madadinsu.

Sai maganar goro, wadda ta fi dashen wuya. Alhaji yana cin goro huɗu zuwa biyar a rana, ɗabi'ar da ya ɗauko tun yana tuƙin dare, na ƙarshe bayan isha'i, ga shayi mai kauri a kai. Goro yana ɗauke da kafeyin sosai. Ban ce ya daina ba, don na san ba zai yi ba, kuma ba na son in ba mutum dokar da za ta sa ya fara ɓoye mini gaskiya. Muka daidaita a kan daga la'asar babu goro babu shayi mai kauri. Na rana kuwa, na koya masa cewa in ba ci ake ba, leɓe a haɗe, haƙora a rabe. Ya zaɓi ya riƙa duba kansa duk lokacin da wayarsa ta yi ƙara, tunda kiran direbobi ne ke tayar masa da hankali. Bayan mako biyu ya ce mini bai taɓa sanin yana yini da haƙora a cije ba. Mun taɓo maganar allurar Botox a naman muƙamuƙi, wadda ke rage ƙarfin cizon na wata uku zuwa huɗu sannan a sake. Ya ce a bar ta sai in sauran sun gaza, na ga hakan daidai ne.

Da lokaci ya yi, aka haɗa huluna biyu a jiki ɗaya a kan turakun biyu. Ba mu sa tangaran a sama ba, domin shi ne ke ɓallewa. Zikoniya zalla, wani farin abu mai tauri sosai, aka yi amfani da ita, aka goge ta sumul don kada ta cinye haƙoran sama. Na sa aka rage faɗin saman hulunan, aka kwantar da tsininsu, yadda in muƙamuƙi ya zame gefe ba abin da zai kama. Sababbin notuna na sa, na ɗaure da ma'auni daidai yadda kamfanin ya ƙayyade, na jira minti 10 na sake ɗaurewa. Na zaɓi noti maimakon manne hula da siminti saboda ina son ranar da wani abu ya taso in iya kwancewa ba tare da fasa komai ba. Cizon kuma na daidaita shi yadda in ya haɗa baki a hankali haƙoransa na asali ne ke fara taɓawa, dashen sai ya cije sosai. A ƙarshe na gina masa tsinin fiƙoƙinsa da farin abin cike haƙori, don in ya zame gefe su ɗauki nauyin, su ɗaga mataunan daga juna. Aka sake gyara garkuwar ta dace da sabon bakin.

Shekara ɗaya da rabi babu abin da ya motsa. Yana zuwa duk wata shida da garkuwar a aljihu, ina duba noti, ina duba cizo, domin haƙoran asali suna ci gaba da cinyewa da matsawa, dashe kuwa yana nan inda aka kafa shi, in ba a lura ba sai a wayi gari shi kaɗai ke ɗaukar lodi. Ciwon kan asuba ya ragu ƙwarai. Hoto ya nuna ƙashi ya tsaya inda muka same shi.

Bayan ƙaramar salla ya zo da gefen fiƙa ɗaya a ɓalle, ginin da na yi ya fita. Ya rantse yana sa garkuwar kowane dare, Hajiya ma ta shaida. Da muka bi diddigi, ashe a watan azumi yakan cire ta in ya tashi sahur, ya yi sallar asuba, ya koma barci har hantsi ba tare da ya mayar ba. Ga kuma goron da ya koma bayan buɗa-baki, tunda rana ba dama. Wannan ban yi tunaninsa ba lokacin da nake ba shi umarni, na ce masa "kowane dare", shi kuma ya bi abin da na faɗa. Yanzu abin da nake cewa shi ne duk lokacin da za ka kwanta barci, dare ko rana, har da ƙailula.

Na sake gina fiƙar a zama ɗaya. Notunan biyu na gwada su da ma'auni, ba wanda ya saki. Garkuwar na ɗaga ta a hasken taga na nuna masa: ta ɓangaren dama, daidai saman dashen, robar ta yi kwari biyu masu sheƙi, ɗaya saura kaɗan ya huje. Ya juya ta a hannu ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Duk wannan ni na yi?" Hajiya ta ce, "Kai ka yi, Alhaji." Muka ɗauki awon sabuwa a ranar, ya ce a yi masa guda biyu, ɗaya ta zauna a jakar tafiya.